Sawu Biyu a Cikin Gwaiduwa

Da sanyin safiya matan da ke gangarowa ɗibar ruwa suka tsinci Inna Mai Ƙwai a yashe a gefen hanya, daidai kwanar da gangaren dutse ya fi tsanani. Ƙugunta ya karye, goshinta ya fashe, tiren ƙwai huɗu da ta ɗauko sun tarwatse a kan simintin hanyar. Wanda ya buge ta ya ja ta zuwa inuwar katanga, ya tusa mata ɗankwalinta a ƙarƙashin kai, sannan ya ari na kare. Kafin a sa ta a mota, kalma ɗaya ta iya furtawa: "Keke."

Kalma ɗayar nan ta ishi unguwa. Kekunan da ke iya hawa dutsen nan su sauko, masu kaurin taya da giya, uku ne kacal: na Malamin makaranta, na Mai Burodi, da na Baƙo. Malam shi ya koya wa rabin unguwa karatu. Mai Burodi a nan aka yanke masa cibiya. Baƙo kuwa wata huɗu ke nan da zuwansa, yana aiki a turken wayar da ke ƙolin dutse, yana kifa hular kwano a ka, kuma yana wuce majalisa a guje ko ɗaga hannu ba ya yi. Kafin shayin safe ya huce, an gama yanke masa hukunci a kowane gida.

Mahauci, babban ɗan Inna, ya rufe teburinsa ya taho yana huci. Da ƙyar shugaban unguwa ya tare shi.

"Ka ba ni zuwa la'asar," in ji shugaban. "A kira Mai Sawu."

Mai Sawu ya yi shekara talatin yana bin sawun dabbobin sata. An ce ya taɓa bin akuya kwana biyu a kan tsandauri har ƙofar ɓarawon. Da gidaje suka cinye makiyaya, sai ya kafa rumfar gyaran keke a gindin dutse, amma sunan ya bi shi, kuma yana ji da sunan fiye da yadda yake ji da haƙoransa da suka rage. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, yanar ido ta rufe masa na hagu tun bara, na daman ma ya fara ganin duniya kamar ta cikin hayaƙi. Kuma shi ne surukin Mai Burodi, don autarsa ce a gidan.

*

"Ku ja baya, kuna tare mini haske," ya ce da taron.

Ba haske yake nema ba. So yake kada a ga cewa da yatsu yake karatun. Ya tsuguna, ya juya musu baya, ya shafa simintin a hankali.

Keken ya bi ta cikin gwaiduwar ƙwai, ya buga hatiminsa a kan hanya har taku goma, rana kuma ta fara busar da shi ya yi tudu-tudu. A miƙaƙƙiyar hanya, ƙafar baya kan taka inda ta gaba ta taka, sawu ya zama ɗaya. Nan kuwa biyu ne, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba karkarwa, ba lanƙwasa. Ya aza yatsunsa a tsakani. Yatsa biyu cif, na baya a hagu.

Ya rarrafa sama, inda yashi ya taru a gefen kwanar. Tayar gaba ta yi rami, ta ja baƙin layi. Dugadugan takalmi biyu sun karce ƙasa dama da hagu. Amma haƙoran tayar baya sun fito ɗaya bayan ɗaya, tsaf, kamar an zana su. Mahayin ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya tsaya. Birkin baya ne bai kama ba ko kaɗan.

Nan take jiya ta faɗo wa Mai Sawu a rai.

Jiya da yamma surukinsa ya kawo faci. Ya cire ƙafar baya, ya liƙe, ya mayar, ya ɗaure notuna da lalube. Da ya juya ƙafar sai ya ji tana gugar robar birki, shaf, shaf, shaf. Ya san maganin sarai: a kwance notuna, a zaunar da ƙafar daidai cikin mazauninta, a koma bayan sirdi a kanne ido a duba. To, dubawa sai da ido, ga rumfar kuma cike da 'yan hira. Sai ya kama wayar birki ya sassauta ta har gugar ta yi shiru. Aikin minti ɗaya. Har yana cewa yaron, "Je ka, ta zama sabuwa."

"Me ka gani?" shugaban unguwa ya tambaya daga bayansa.

Mai Sawu ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Ya gaya wa zuciyarsa cewa karkatattun kekuna sun yi yawa a duniya.

"Sai na ga kekunan tukuna," ya ce.

"Duba duk abin da za ka duba, Baba," in ji Mahauci. "La'asar na yi, in ba ka ba ni suna ba, ni na san ƙofar da zan buga."

*

Ya fara da Baƙo, kuma Allah ya sani da fata ya je.

Ya same shi zaune a bakin ɗakin da yake haya, gwiwar hannunsa ɗaure da bandeji, keken jingine da bango. Tun daga nesa mutanen da suka biyo baya suka fara nuni. Ƙafar bayan keken ta lanƙwashe, ko mai yana a ido ya gani.

"Ina ka samo wannan rauni?"

"A sama na faɗi, Baba. Dutse na taka kusa da turke. A kafaɗa na sauko da keken, ta matakalar baya."

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa." Ya nuna ɗakin da kai. "Maigidan ya ce in kwashe kayana kafin dare. Kamfani kuma in suka ji an kai ni wurin 'yan sanda, aikin ya tafi. Wallahi ban taɓa tsohuwar nan ba. Ni ma a wurinta nake sayen ƙwai."

"To me ya sa ba ka gaida mutane? Ka ga abin da rashin gaisuwa ya ja maka."

Baƙo ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Gangaren nan ba ya son hannu ɗaya, Baba. In na ɗaga hannu, a kan teburin mai shayi za a tsince ni. Ina cewa sannu, hular ce take cinye maganar."

Mai Sawu ya ɗaga bayan keken, ya kafa babban yatsansa kusa da bakin ƙarfen ƙafar, ya juya. Ƙarfen ya taɓa yatsan, ya gudu, ya dawo ya taɓa, ya gudu. Ƙafar da ke rawa haka sawun maciji take bari, tana kaiwa tana komowa. Ba za ta taɓa ja layi miƙaƙƙe yatsa biyu daga ɗan'uwansa ba. Ya sake juyawa har sau uku, ko Allah zai sa ta canza magana. Ba ta canza ba.

"Ka ga ba ni ba ne, ko?" Baƙo ya tambaya a hankali.

"Bincike bai ƙare ba."

A waje Mahauci ya tare shi. "Yaya?"

"Ƙafarsa ta baya a lanƙwashe take," in ji Mai Sawu, ya wuce.

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin kalmomin, amma ya san abin da ya shuka da su. Yana jin yadda maganar ta bi taron baki-baki, tana ƙara ƙiba. Shekara talatin bai taɓa sayar da sawu ba, ko da masu shanu suka cusa masa a aljihu. Yau ya sayar ba wanda ya taya, kuma kunya ta kama shi.

*

Keken Malam yana ƙarƙashin matakalar makaranta, jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga daga sirdi. An wanke shi tas. Zuciyar Mai Sawu ta yi tsalle, sannan ya tsani kansa da wannan tsallen.

"Malam, wankin me ake da sassafe haka?"

"Yau Talata," in ji Malam, yana goge alli daga hannunsa. "Duk Talata nake masa wanka. Uwargida ta ce da ita nake kulawa haka, da ta fi kowa ƙyalli a unguwar nan."

"Ƙarfe nawa ka sauko?"

"Ban sauko ba ma tukuna, ai makaranta a sama take. Tun asuba ina nan ina jera kujerun jarrabawa. Tambayi maigadi, shi ya buɗe mini yana ƙunƙuni."

Mai Sawu ya zaro zarensa daga aljihu. Ya ɗaura shi a tayar gaba, ya ja shi ta gefen keken har bayan tayar baya, ya bi shi da yatsa. In ƙafafu biyun suna kan layi ɗaya, zaren zai kwanta a jikinsu daidai ta kowane gefe. Abin da ya sa yake son zare ke nan a 'yan kwanakin nan, zare ba ya neman ido. Ya gwada dama, ya gwada hagu. Ƙafar Malam a miƙe take kamar rular ajinsa.

"Tana nan daidai," ya ce. "Tun ɗaurin da na yi maka wancan watan ba ta motsa ba."

Malam ya buɗe baki, ya rufe, ya yi ɗan tari. "E," ya ce. "Tun ɗaurin nan."

Saura keke ɗaya. Mai Sawu ya bi doguwar hanya zuwa gidan 'yarsa, ya tsaya gaida mutanen da bai saba tsayawa gaida su ba.

*

Auta ta tare shi da murna da mamaki, don ba al'adarsa ba ce zuwa gidan suruki ba dalili. Cikinta ya tsufa, tana tafiya tana dafa ƙugu. Ta shimfiɗa masa tabarma a baranda, ta kawo ruwa.

"Yana ciki, Baba. Ya dawo da wuri, wai kansa ke ciwo. Rabin burodin ma bai raba ba."

Keken na nan a barandar, da akwatin burodi ɗaure a kan kariya, bayan sirdi. Mai Sawu ya ajiye kofin, ya yi bisimilla a zuci, ya ɗaura zare. Ya bi gefen dama, zare ya kwanta. Ya bi gefen hagu, zare ya kwanta. Ya juya ƙafar, ba guga, ba rawa. Ya matse birkin baya, ya kama gam, ko motsi ƙafar ba ta yi.

"Alhamdu lillahi," ya ce a fili. Ya ɗauki kofin ya kafa kai.

Farin cikin nan bai wuce maƙogwaro ba. Ruwan na sauka, hankalinsa na dawowa. Shi da hannunsa ya sassauta wannan birki jiya. Shi ya bar ƙafar nan a karkace. Keke ba ya gyara kansa da daddare. A duk kekunan unguwar nan, wannan ne kaɗai miƙewarsa ta zama abin tuhuma.

Ya zura hannu tsakanin taya da ƙarfen da ke riƙe da ita ta hagu. Fenti mai kaushi, fenti mai kaushi, sai yatsansa ya faɗa kan wani wuri mai santsi kamar bayan cokali, faɗinsa bai fi farce ba. Taya ta goge fentin har ƙarfe ya fito, ga garin roba ya maƙale a gefe. Ya bi wayar birki zuwa inda noti ke cizon ta. Cizo biyu ya samu: tsohon wurin, inda notin ya koma yanzu, da sabon da shi ya yi jiya, ɗan ƙasa kaɗan.

Labule ya motsa. Mai Burodi ya fito sanye da riga mai dogon hannu cikin zafin nan, ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa.

"Barka da rana, Baba."

"Barka dai. An ce kai ke ciwo."

"Da sauƙi, Baba."

Takalmansa na bakin ƙofa. Mai Sawu ya miƙa hannu kamar zai gyara musu zama, ya shafa dugadugan. Sun cinye, sabon ci, har robar ta yi gashi.

Yaron nan shekara uku yana auren 'yarsa, bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa cewa a'a ga maganarsa ba. Yanzu ma ga su, kowa ya san abin da ɗayan ya sani, kunya ta zauna a tsakaninsu ta hana magana wucewa.

"Ka kawo kekenka rumfa da la'asar," in ji Mai Sawu.

"To, Baba."

Auta ta raka shi ƙofa. Ta rage murya. "Baba, lafiya kuwa? Tun da ya shigo ko ruwa bai sha ba. Na ji shi a bayan gida yana ta fama da sifana."

"Koma ciki, rana ta yi zafi," ya ce.

*

A hanya Shaiɗan ya rako shi, kuma ya iya lissafi. Kekuna biyu a miƙe, ɗaya a lanƙwashe. Ba wanda zai zura hannu bayan taya in ba shi ba. Ya ce sawu ya ɓace, shi ke nan. Baƙo dai baƙo ne, jaka ɗaya zai ɗaure ya nemi wani gari. Auta kuwa wata mai kamawa za ta haihu. Sunan Mai Sawu kuma zai zauna inda yake, ba wanda zai ji cewa mutumin da ya bi akuya a kan tsandauri ya kasa ganin ƙafar keke a gaban hancinsa.

Har ya kusa yarda. Sai hanya ta bi da shi ta ƙofar Baƙo.

An riga an fito da kayan. Katifa a naɗe, risho, bokiti, hular kwano a kife a kai. Mutumin na zaune a kan jakarsa. Da ya hango Mai Sawu sai ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu biyu sama yadda kowa zai gani.

"Sannu da aiki, Baba! Sannu da ƙoƙari!"

Ya koyi gaisuwa, kuma a kan wanda ya sayar da shi ya fara gwadawa. Mai Sawu ya amsa da ƙyar. Da mutumin ya zage shi, da ya fi masa sauƙi.

*

La'asar ta yi, rumfa ta cika har waje. Kekuna uku a jere. Mahauci ya harɗe hannu a ƙirji, shugaban unguwa na kan benci, Mai Burodi ya raɓe a jikin ginshiƙi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ko tari aka yi sai ya zabura.

Mai Sawu ya sa aka share simintin gaban rumfar, ya kwara bokitin ruwa a gefe ɗaya.

"Abin da na samu a gangare sawu biyu ne," ya ce. "Miƙaƙƙu, yatsa biyu a tsakani, na baya a hagu. Yana nan, gwaiduwa ta riƙe shi, kowa na iya zuwa ya auna. Yanzu ku zuba ido."

Ya tura keken Malam ta cikin ruwan zuwa busasshen wuri. Layi ɗaya. Ya tura na Baƙo. Sawun baya ya riƙa kaiwa da komowa a kan na gaba.

"Wannan maciji ne. Ba shi ba ne. Tun safe na san ba shi ba ne, na yi shiru."

Aka yi gunaguni. Ya tura na Mai Burodi. Layi ɗaya, tsaf.

"To ka gani!" Mahauci ya daka tsawa. "Biyu lafiyarsu ƙalau, ɗaya ne mai aibi. In ba shi ba ne, aljani ne ya hau keke?"

"Yi haƙuri, ban gama ba."

Ya kifa keken surukinsa a kan sirdi, ya ɗauki sifana. Ya kwance notunan baya, ya karkata ƙafar a hankali har gefen tayar ya zauna a kan wurin nan mai santsi, ya ɗaure. Ya mayar da wayar birki kan cizo na biyu. Ya kira shugaban unguwa ya sa yatsa ya ji gogaggen fentin, ya kira Mahauci ya matse birki. Hannun birkin ya tafi har ya taɓa kan keken, ƙafar na ta juyawa abinta.

Sannan ya tayar da keken, ya tura shi ta cikin ruwa. Layi biyu suka fito a kan siminti, kafaɗa da kafaɗa. Ya tsuguna ya aza yatsunsa a tsakani, suka cike gurbin.

Kafin kowa ya juya wajen ginshiƙi, Mai Sawu ya riga su.

"Haka keken nan ya bar rumfar nan jiya, kuma ni na bar shi haka. Na ɗaura ƙafa a karkace don ba na gani. Da ta yi guga, maimakon in gyara, sai na kashe birki don kada ku gane. Idona ɗaya ya tafi tun bara, ɗayan na bin sa. Laifi tudu ne, na taka nawa tun safe ina hango na bawan Allahn nan."

Mai Burodi ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Ni ne na buge ta. Na ja birki, babu. Na sa ƙafa, kaya sun yi nauyi. Na ga tana numfashi, na ji muryar mata suna tahowa, sai na ce in aka kama ni za a duba keken, za a ce aikin Baba ne…"

"Kada ka fake da ni," Mai Sawu ya katse shi, karo na farko da ya taɓa ɗaga masa murya. "Birkin nawa ne. Gudun naka ne. Ka bar tsohuwa a ƙasa da karyayyen ƙugu, ka bar wani ya ɗauki kayanka. Kowa ya ɗauki nasa."

"Haka ne, Baba."

"Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Ka ji ƙafar nan ba daidai take ba tun jiya. Me ya hana ka dawo ka ce in sake?"

Yaron ya amsa yana kallon ƙasa.

"Ina zan iya, Baba? Wata shida ke nan, duk abin da ka ɗaura mini, in na je gida sai in zaga baya in sake ɗaurawa. Yau ne kawai na makara, na ce in na dawo na gyara."

Mai Sawu ya juya wajen taron da ba ya gani sosai. Malam ya sake yin tarin nan nasa na safe.

"Ni ma haka nake yi," ya ce a hankali. "Ba don raini ba."

Wani daga baya ya ce shi ma. Wani kuma ya ce shi can bakin kasuwa yake kaiwa a sake duba masa, amma ba ya so a ji. Ashe asirin da yake ta rufewa da hannu biyu, unguwa gaba ɗaya ce ke taya shi riƙe murfin.

Mahauci ya tsaya yana numfashi sama-sama, yana kallon yaron da suka yi wasan ƙasa tare. Ya ɗaga hannu, ya sauke. Shugaban unguwa ya ce maganar rauni ce, dole hukuma ta ji. Mai Burodi ya ce da ƙafarsa zai je, Mai Sawu ya ce tare za su. Daga nan Mahauci ya juya, ya nufi ƙofar Baƙo, aka gan shi ya saɓa katifar a kafaɗa yana mayar da ita ɗaki.

Mai Sawu ya laluba ya kama hannun Baƙo. "Ka yafe mini. Da safe na iya wanke ka, na ƙi."

"Na yafe, Baba," in ji Baƙo. Bai ce "ba komai" ba, kuma Mai Sawu ya ga daidai ne da bai ce ba.

*

Washegari Auta ta raka shi asibiti. Ba ta yi masa magana ba duk hanya, idanunta sun kumbura. Inna Mai Ƙwai na kwance an ɗaure ta daga ƙugu zuwa gwiwa. Likita ya ce za ta tashi, amma hawa dutse da tire a ka ya ƙare.

Ya tsaya a gefen gadon ya faɗa mata komai, bai rage ko noti ɗaya ba. Ta saurara har ya gama.

"Mai Sawu," ta ce, "kai kaɗai ne a unguwar nan ba ka san mun sani ba. Wata nawa ina zaɓo ƙwai da kaina ina sa maka a tafin hannu? Da can kai ke ɗaga su a rana kana raina mini kaya."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba, Inna?"

"Wa zai dubi mai bin sawu ya ce masa ba ya gani? Mun ce kada mu karya maka zuciya." Ta ɗan motsa, ta cije leɓe don zafi. "Ga shi mun tsare zuciyarka, ƙuguna ya biya."

Hawaye ya zubo masa daga idon da ke gani da wanda ba ya gani.

"Kukan ya isa, ba ƙwai zai mayar cikin ɓawo ba," in ji ta. "Masu duba ido suna ƙarshen barandar nan, hannun hagu. Na tambayar maka tun da safe. In ka je can, ka dawo mu yi maganar yafiya."

Ya fito. Barandar doguwa ce, fara fat, ba sawun kowa a kanta. Ya tsaya yana ƙifta ido, ƙofofin duk sun narke sun zama abu ɗaya. Auta ta yi gaba taku biyu kamar yadda ta saba, don ba ya son a jira shi.

"Auta," ya kira ta.

Ta waiwayo.

"Ba na ganin hanyar. Zo ki riƙe hannuna."